Eustolia Ta Ƙi Zaman Birni

Tunda na san maƙwabciyata Eustolia a ƙauyenmu na tsaunukan Mixteca, ban taɓa ganin hannunta a sake ba. Tana tafiya gona tana saƙar kwando, kaba a hammata, awaki a gaba. In rana ta take sai ta shige ramin da ta haƙa a bayan ɗaki, inda laima ke hana kaba karyewa, mu riƙa jiyo ta daga ƙasa tana yi wa kaji faɗa.

Mijinta ya tafi arewa neman aiki tun autarsu tana goye. Saƙo ya yi ta ja baya har ya ɗauke. Da masara da wake da kwandunan nan ta raini yara huɗu.

Bara ciwon gwiwa ya sa ta gaba. Babbar 'yarta, Leovigilda, ta zo daga birnin Puebla.

"Mama, ya isa haka. Ki zo ki huta."

"In huta? Mutuwa na yi?"

Da ƙyar aka lallashe ta ta bi 'yar, ta bar mini awakin.

Ashe can ma ba ta zauna ba. Ta warware buhunan leda ta saƙa kwanduna. Ta tuge furannin surukinta ta shuka wake a tukwanen. Kullum sai ta kira ni a waya.

"Herminia, an yi ruwa?"

"Tukuna."

"Ƙarya kike, so kike ki riga ni shuka."

Ranar da ruwan farko ya sauka na gaya mata. Washegari da hantsi sai ga ta ta sauko daga motar kasuwa tana ɗingishi.

Na ce, "Ke, Leovigilda ta sani kuwa?"

"Ta sani in ta dawo daga aiki. Wa ya ramar min da awaki haka?"

Ran Asabar 'yar ta iso a fusace, ta tarar da uwar a gona ta durƙusa a kan gwiwa mai lafiyar. Ta yi faɗa har ta yi kuka. Eustolia ta miƙa mata ƙwaryar iri.

"Tunda kin zo, kama daga can."

Tare suka gama shukar. Sun shirya a kan za ta koma birni ganin likita bayan girbi. Girbin ya wuce, yanzu kuma cewa take sai ta gama kwandunan kasuwar Kirsimeti.