Audugar Malama Zinatu

Duk wanda ke zaune a layin ƙaramin asibitinmu na Tudun Wada ba ya buƙatar agogo. In ka ji an buɗe kwaɗo ana jan benci, to Malama Zinatu mai allura ta iso daga Tudun Jukun, sai a ɗora koko. Ba ta gaida kowa sai ta fara gaida firji. Za ta zura hannu ta taɓa kwalaben allura kamar mai duba goshin jariri, in an kwana ba wuta ta ɗauki kula ta nufi wurin mai ƙanƙara da ƙafarta. Sai ta dawo sannan ta ce mana ina kwana.

Ga shi wannan watan ta ajiye aiki. Ba ta da fara'a, kada a yi mata ƙarya don za ta tafi. Hannunta ma ba laushi, rabin yaran unguwar nan da sunanta ake sa su shan magani. Amma akwai abin da ta yi bara waccan da ya kamata a faɗa tana ji, don yabon da ake yi bayan an kai mutum makwancinsa, 'yan zaman makoki ne kawai ke morarsa.

Ƙarshen damina ne wata muguwar mura ta shigo, ba irin wadda citta da kanumfari ke kora ba. Zazzaɓi, tari, ta kwantar da ƙatti, ta tafi da wasu tsofaffi a Gyallesu. Aka kawo allurar rigakafinta, 'yar kaɗan, ko layi guda ba za ta isa ba. Aka ce a fara da tsofaffi, da masu ciwon ƙirji, da masu juna biyu.

Ranar farko Malama ta tsaya bakin ƙofa ta ɗaga murya: "Masu ciki su taso!"

Ita da aka haifa a garin nan! Waɗanda suka taso su ne waɗanda cikin ya riga su sallama, da uwayen 'ya'ya shida da ba su da sauran kunyar da za su adana. Masu cikin fari kuwa suka sunkuyar da kai suna wasa da bakin hijabi. Wace yarinya ce za ta miƙe a gaban uwar mijinta ta ce ga ni, ina da ciki? Gara murar.

Cikinsu akwai Fiddausi, matar Zulkiflu tela. Cikin fari, ƙarami, ga ta da ciwon asma tun tana yarinya. Malama ta sani, don ta ƙofar baya yarinyar ke zuwa awo. A gefenta kuwa surukarta ce zaune, Inna Ishatu, kafaɗa da kafaɗa. Haka suka tashi suka koma gida. Malama ta bi bayan yarinyar da kallo, ta juya ta dubi abin da ya rage na allurar, ta ga ba zai wuce gobe ba.

Washegari muka tarar ta rataya labule. Ta ce, "Yau ba kira. Kowa za ta shigo ita kaɗai." In mace ta shiga, sai ta tambaye ta a hankali. Wadda ta cancanta ta tsira mata. Wadda ba ta cancanta ba kuwa, sai ta gaya mata gaskiya, sannan ta dangwalo auduga ta ɗora mata a dantse ta ce ta fita da ita a dafe. Kowa ta fito da auduga. Masu ido a kan benci, waɗanda lissafin cikin mutane ya kawo su, suka rasa abin lissafawa.

Hajiya Salwa mai sayar da atamfa, wadda ko ciwon kai ba ta yi, ita ce ta fara tayar da jijiyar wuya.

"Zinatu, ni kike ba auduga? Ba ki yi mini komai ba, me zan riƙe?"

"Asirin wata za ki riƙe, Hajiya. Daga nan zuwa bakin titi kawai."

Ta fito tana hura hanci, amma hannunta na kan dantse.

Su Inna Ishatu ba su iso da wuri ba, su ne ƙarshen layi. Kafin a zo kansu, allurar mutum ɗaya ta rage. Fiddausi kuwa ko za a yanka ta ba za ta shiga gaban surukarta ba. Inna ce ta ɗaga labule, ta zauna, ta naɗe hannun riga. Tsohuwa ce, haƙƙinta ne, ba mai cewa a'a. Da Malama ta tsira mata ta wanke hannu, ba wanda zai tuhume ta. Ko ta ce wa Inna allura ta ƙare, ta ajiye wa yarinyar a ɓoye. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Ta ce, "Inna, saura ɗaya. Kina cikin waɗanda aka ce a ba. Amma akwai wadda ta fi ki buƙata a waje, kuma ita zan yi wa."

"Wace ce?"

"Ba zan faɗa ba."

Inna ta dube ta daga sama zuwa ƙasa. Tsohuwar da ta ga yarinya ta daina shiga kicin in ana suyar albasa, ai ba ta jiran a gaya mata. Amma ita ma da tata kunyar, uwar miji ba ta sanin irin wannan sai ranar da aka ji kuka.

Ta ce, "Wa ya ce miki allura ta kawo ni? Rakiya na yo. Miƙo audugar."

Ta fito tana ɗingishi, kamar a ƙafa aka yi mata. "Wannan mata ba ta da imani! Da allurar ɗinkin buhu take yi. Ke Fiddausi, tashi ki shiga, ba zan sha wannan azaba ni kaɗai ba."

Yarinya ta shiga. Aka yi mata.

Ba a jima ba murar ta kama Inna, ta kwantar da ita sosai, har aka kira 'ya'yanta na nesa. Unguwa ta ɗauka: ga wadda aka yi wa allura a gaban idonmu ta kamu, ashe ruwa Zinatu ke ɗura wa mutane. Wasu suka daina amsa gaisuwarta, ita da gaisuwar tata ba yawa. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma kalmar za ta tona yarinya. Ta haɗiye. Kullum da safe sai ta biya gidan, ta auna zafin jikin tsohuwa, ta ba ta magani, ta tsaya a kanta sai ta shanye kunu.

Ranar da Inna ta iya zama da kanta, Malama tana haɗa jakarta ta ce, "Inna, da za a sake, haka zan sake yi."

Inna ta ce, "Wa ya tambaye ki? Ja mini ƙofa, iska na shigowa."

Fiddausi ko tari ba ta yi ba har ta sauka lafiya. Ranar suna, cikin mata, Inna Ishatu ta kwance labarin da bakinta, tana ba da shi kamar ita aka cuta. Nan masu audugar banza suka fara tona kansu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Salwa ta ce ita dama tun farko ta gane hikimar. Muka ce haka ne, Hajiya.

Malama Zinatu, ke ce kika yi kuskure da safe kika gyara kafin wata safiyar, ba ki ɗora wa kowa ba. Ke ce kika dubi tsohuwa ido da ido kika hana ta, sannan kika je kika yi jinyarta. Raba abin da bai isa ba aikin baƙin jini ne, kin yi shi, kin ɗauki baƙin jinin kin tafi da shi gida. Zinatu ta Tudun Jukun, mai nauyin hannu, mai nauyin baki. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai lafiya, ya sa in taki buƙatar ta zo ki faɗa hannun irinki.

Ke kuma 'yata da aka turo ki gaje ta, da duk wanda aka danƙa wa rabo a asibiti ko a ina: wata rana abin zai sake yin kaɗan. Mai baki ba za ta rasa ba, za ta same ki har cikin ɗaki. Ki leƙa benci ki nemo wadda ta sunkuyar da kai.