Ɗanƙarami Mai Shanya Pil

A unguwar Zango ta Damagaram kowa ya san Ɗanƙarami tela, amma ba don ɗinki ba. Yana yaro babansa, wani bafatake, ya sayo akwatin rediyo daga Kano, kuma tun daga nan tashar Landan ce ke raba masa yini. Da safe labarai, da hantsi kiɗan Turawa, da yamma hira da wasan ban dariya. Ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma idan mutanen cikin akwati suka tuntsire da dariya, sai ya saki keken ɗinki ya taya su.

Yanzu ya tsufa, ido ya raba shi da allura. Kullum zai jera pil ɗin rediyon, wato batura, a rana, wai zafi zai mayar musu da ƙarfi. Da la'asar ya kwashe, ya zuba a akwati, ya murɗa har ƙarshe.

Ni maƙwabcinsa ne, kuma wallahi na gaji. Akwatin nan lafiyarsa lau, ƙararsa har bakin titi. Kunnen mai shi ne ya mutu. 'Yarsa Hasana ta faɗa masa har ta haƙura.

Jiya na shiga da niyyar masifa. Na tarar ya manna kunne a akwatin, ɗaki sai girgiza yake. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗanladi, yau ma ba su zo ba. Gobe a bar pil ɗin su ƙara shan rana."