Busasshen Rafin Kawu Gora

Kawu Gora yayan mahaifiyata ne. Shekara hamsin da ɗaya ya yi yana su a kogi, jirgin kwale-kwale huɗu suka tsufa a hannunsa, kuma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Laƙabin nasa daga gorar da yake tura jirgi da ita ya samo shi. Ya yi mata tsaga takwas da wuƙa, tsakanin kowace tsaga kamu ɗaya, da ita yake auna zurfin ruwa. Sau talatin na gwada shi da igiyar awo ta ofis. Sau biyu kawai ya kauce, shi ma bai fi faɗin yatsa uku ba.

'Ya'yansa shida ne da matarsa Inna, mata huɗu maza biyu. Cikin mazan ɗaya direba ne, ɗaya tela, babu wanda ya gaji ragar. Ɗakinsa ba komai sai tabarma, da rediyo mai ɗaurin roba, da gwangwani uku cike da ƙugiya, kowane gwangwani da girman nasa.

Da na samu aiki a ofishin kula da kifi, aikin farko da aka ba mu shi ne ƙidayar kifin kogin da zana taswirar wuraren da suke zama. Ana neman mai jirgi, na yi wuf na kawo Kawu. Tasha ashirin da huɗu aka tsara mana a cikin kilomita sittin, za mu gama a kwana goma sha takwas. Da rani aka sa aikin, don lokacin ne mota ke iya kaiwa bakin ruwa. A kowace tasha za mu jefa raga, mu jira minti arba'in, mu ɗaga, mu ƙirga, mu auna tsawo da nauyi, mu sake su.

Abin ya riƙa ba Kawu dariya. "Ɗan Biro," haka yake kirana, "wannan awon da kuke yi wa karfasa, riga za a ɗinka mata? Ai da kun faɗa na zo da telan gidana."

Amma ya yi aikin da zuciya ɗaya. Kafin raga ta fito yakan ce za mu samu kamar arba'in, mu samu arba'in da uku. Wuraren da ya ɓoye wa abokan sana'arsa shekara da shekaru, mu ya nuna mana, don an gaya masa taswirar za ta kare kifin ne.

Tasha ta goma sha bakwai ta faɗo a bakin wani rafi da ke shiga fadama. Mun same shi ƙaf, sai yashi da busasshiyar ciyawa. Kawu ya ɗaure jirgi ya sauka, ya sa mu bi shi a ƙafa. Taku ɗari tara na ƙirga.

Ya ce wa shugabanmu, "Ranka ya daɗe, nan ne ɗakin haihuwarsu. Da ruwan farko ya sauka, tarwaɗa ta nan take hawa ta zuba ƙwai a ciyawa. Duk kifin da kuka ƙirga a baya, nan aka haife shi. Babana bai taɓa sa raga a nan ba sai ƙananan sun sauko, ni ma haka."

Shugaba ya duba agogo. "Baba, yau akwai ruwa?"

"Babu."

"Akwai kifi?"

"A kan yashi, ranka ya daɗe?"

Shugaba ya juyo gare ni. "Sa sifili."

Na sa. Fom ɗin gida uku gare shi: zurfi, adadi, iri. A ƙasa akwai ɗan layin ƙarin bayani da bai ɗaukar fiye da kalma bakwai. Na rubuta: mai jirgi ya ce suna haihuwa nan. Kawu ya dangwala yatsa a matsayin shaida, kamar yadda ya yi a sauran tashoshi. Mun gama aikin da saura kwana biyu, har yabo aka yi mini a taron ofis. Da aka zo shigar da fom a kwamfuta, babu gurbin wannan layin, aka tsallake shi. Taswira ta fito da launi biyu, kore inda akwai kifi, toka inda babu. Rafin Kawu toka.

Bayan wata goma sha huɗu wani kamfanin yashi ya nemi izinin yin hanyar tifa zuwa bakin kogi. Hanya mafi kusa ta ratsa bakin rafin. Aka buɗe taswirarmu, aka ga toka, aka sa hannu. Ko kwalbati ba a ce su sa ba.

Kawu ya zo ofis cikin rigarsa ta fita. Ya zauna a benci tun ƙarfe tara har ɗaya saura. Da aka shigar da shi, Shugaba ya sa aka ciro fom ɗin.

"Baba, ai kai ka kai mu wurin. Wannan ba yatsanka ba ne?"

Kawu ya daɗe yana kallon dangwalen. Sannan ya kalle ni. Na ce na rubuta bayaninsa, na nuna masa layin. Ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka," ya fita. A bakin ruwa kuma masunta suka sa shi gaba, wai Gora ya sayar da rafi. Mutanen da ya koya wa ɗaurin ƙugiya suka daina matsa masa a benci.

Ranar da ruwan farko ya sauka, Inna ta kira ni da safe ta ce in zo in ga kawuna. A bakin rafin na same shi. Na tarar kogi ya cika ya tokare da sabuwar hanyar, tudun jar ƙasa mai tsayin mita uku. A gindinsa tarwaɗa ce cunkushe, kai da kai, cikinsu fal ƙwai, suna ta dukan ƙasar. Mutane na kwasa da kwano da buhu, ana shewa. Kawu kuma yana cika bokiti, ya hau tudun, ya tsallaka, ya juye a ɗan ruwan saman da ya taru a wancan gefen, wanda bai wuce idon sawu ba.

Na ce, "Kawu, wannan ruwan ba zai kai sati ba."

"Na sani. Riƙe min nan."

Sawu talatin da takwas ya yi kafin bayansa ya riƙe. Ruwan ya kai kwana tara, sannan ya ƙafe da duk abin da ke cikinsa.

Na rubuta rahoto shafi uku da hoto goma sha biyu, na roƙi a sa kwalbati ko guda ɗaya. Amsa ta zo bayan sati bakwai, layi biyu: za a sake duba taswirar a ƙidaya ta gaba, nan da shekara huɗu. Na kai masa takardar har ɗaki, yana kwance rigingine a tabarma. Ya sa na karanta sau biyu.

"Shekara huɗu," ya ce. "Damina huɗu ke nan ba haihuwa. To me za su zo su ƙirga?"

Na ninke takardar. Ya ɗaga murya ya kira Inna, ya ce idan ɗansu direba ya dawo ta gaya masa ya nemo mai sayen jirgin.