Randar Tasallah

A Bagudo, a shekarun da ake ta maganar Turawa za su tafi, duk wanda ya bi hanyar gulbi ya san randar Tasallah. Tana nan gindin wani durumi a ƙofar gidanta, an binne gindinta cikin yashi, an rufe ta da faifai, da moda rataye a jikin itacen. Tasallah kanta ba ta da wani labari mai yawa. Mijinta Cindo masunci ne, ya ƙetara Dahome da kifi wata damina, zazzaɓi ya kama shi can ya rasu, can aka rufe shi. 'Ya'ya kuwa ta haifa, ba su zauna ba. Da ta fita takaba sai ta sayar da komarsa ta kamun kifi ta sayi randa, ta ce duk wanda ya sha ladan na Cindo ne.

To, abin da ba ta faɗa wa kowa ba, randar nan ita ce danginta. Al'adar unguwar ce, in mata sun dawo daga gulbin Kwara da safe, kowace sai ta tsaya ta tsiyaya ɗan abin da ya samu daga tulunta don randar sadaka. Mace kuwa in ta sauke tulu ta gyara gammo, ai sai baki ya buɗe. A nan Tasallah take jin wadda ta haihu, da wadda ta yi yaji, da kuɗin gero. Da rana kuma ga fatake masu zuwa kasuwar Lolo, ga Dandawa masu komawa Dahome, ga Fulani. Kowa ya sha sai ya ce mata, Allah ya ba da lada, ita kuma ta ce amin. Wannan 'yar maganar, wallahi, ita take rayar da matar nan.

Kuma ruwan ya cancanci a tsaya masa, kada ku ce ina zuga ta. Takan bar shi ya kwanta a wata tukunya, ta tace da farin ƙyalle, ta turara randar, ta jefa saiwar jema mai ƙamshi. Randar kuma mai gumi ce, kullum jikinta a jiƙe, shi ya sa ko da bazara ruwanta yake da sanyi har ka ji shi a haƙori.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai, wasu ma'aikata suka zo da mota da ƙarafuna, suka huda ƙasa a can bayan masallaci, suka kafa famfo mai hannu. Ranar da aka buɗe shi an yi guɗa, an ɗaura masa tuta mai launin kore da fari. Matan unguwa suka ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wa zai ga laifinsu? Ga ruwa garau kusa da gida, ba taɓo, ba tsoron kada, ba ciwon wuya. Tasallah ma ta je ta yi guɗarta, ta taɓa hannun famfon ta sa albarka.

Washegari ta share gindin durumi, ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Rana ta fito, ta ɗaga, ba wadda ta wuce. Famfon yana wancan gefen unguwa, hanyar gulbi ta zama ta masunta da awaki. Tana jin dariyar matan daga nesa, da ƙarar ƙarfe, amma ba ta jin abin da suke cewa. Ta je can sau ɗaya ta tsaya, ta ga wurin ba na zama ba ne, layi ne da turereniya, kowace tana son ta cika ta tafi.

Maƙwabciyarta Kubura ce ta tuna da ita. Ta ce ai ba za a bar randar sadaka ta bushe ba, ta riƙa kawo mata garwa guda daga famfo kowace safiya, ta juye ta wuce da sauri. Tasallah ta ɗanɗana. Ido dai ya ga ruwa, amma harshe ya ji zartsi, wani nauyi-nauyi da ɗan ɗaci a ƙarshe, ka sha ka ƙoshi ƙishirwa tana nan. Ba ita kaɗai ta lura ba. Mata sun fara ƙorafin sabulu ba ya kumfa, wake ya wuni a wuta sai an ninka masa kanwa, buta ta yi farin abu a ciki kamar alli. Amma ƙorafin baki ne kawai, ba wadda ta koma gulbi.

Sai Tasallah ta yi abin da duk macen bakin gulbi za ta yi, ta ɗauka ruwan nan datti gare shi. Ita a saninta, ruwa in ya ɓaci haƙuri yake so. Ta bar shi ya kwana, ba abin da ya kwanta. Ta tace, ƙyallen ya fito fari tas. Ta daka 'ya'yan zogale ta zuba, ta ƙara jema, ta turara randar har idonta ya yi ja. Ina! Abin da ke cikin ruwan ba ya kwanciya, ba ya tsayawa a ƙyalle. Ita kuwa kullum sai ta ƙara cika randar, tana cewa za ta saba da shi.

Kafin bazara ta zagayo randar ta daina gumi. Farin abin nan ya bi cikinta ya toshe ta, jikinta ya bushe ƙayau, yashin gindinta ma ya bushe. Ta goge da ruwan tsamiya, ya ɗan fita, ya dawo. Ruwan ya zama ga zartsi ga ɗumi.

Akwai wani falke mai goro, Attahiru, wanda tun Cindo yana raye ba ya wuce wurin nan sai ya sauke jakinsa. Rannan ya tsaya, ya kurɓa, ya ɗan juya shi a baki. Mutumin kirki ne, bai zubar a gabanta ba, ya haɗiye.

Ya ce, "Inna, mi ya samu randag ga?"

Ta ce, "Tsuhwa, kamar mai ita."

Ya yi dariya don ta yi, ya sa albarka ya tafi. Satin da ya biyo ta ga salkar ruwa rataye a jakinsa, ya ɗaga mata hannu daga kan hanya. Ba ta ji haushinsa ba, amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Labari kuma ya bi fatake har Lolo cewa randar Tasallah ta mutu.

Ta sayar da akuyarta ɗaya tilo, ta sayi 'yar sabuwar randa wurin maginiya. Ta gode wa Kubura, ta ce ta huta da kawo garwar. Kubura ta yi ta yi da ita, ta ce da wace ƙafa za ta je Kwara, Tasallah ta ce da wadda Allah ya bar mata. Da asuba ta naɗa gammo ta ɗauki ƙaramin tulu. Ciyawa ta cinye rabin hanyar. A mashigin da a da sai an yi rigima kafin a sami wurin tsugunawa, ita kaɗai ce sai wani zalɓe. Ta ɗebo, ta dawo tana hutawa a kowace inuwa, ba ta iso gida ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Kwana biyu tana tarawa, ranar da fatake ke wucewa randar ta cika. Ta turara, ta sa jema. Da azahar ta shafa jikin randar ta ji danshi, har ta yi murmushi ita kaɗai. Ta wanke moda, ta sa wankakken zane, ta zauna.

Suka yi ta wucewa. Wasu suka gaishe ta, wasu ba su ma dubi durumin ba. Attahiru ya ɗaga hannu, ta buɗe baki za ta kira shi, sai kunya ta hana ta, don ba a tallar ruwan sadaka. La'asar ta yi sanyi, hanya ta ɗauke ƙafa, faifan yana nan yadda ta rufe shi.

Da aka kira magariba ta tashi da ƙyar, ta sauko da modar ta ɗiba. Ruwan ya yi sanyi, ga ƙamshin jema, irin na da sak. Ta sha ta shanye, ta tsaya riƙe da modar.

A hankali ta ce, "Allah ya ba da lada."

Ta ɗan jira, sannan ta ce amin, ta mayar da faifan ta rufe.