Yatsan da Ya Ƙi Lanƙwasa

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, a damunar da nake aji huɗu a firamare, wata babbar mota shaƙe da albasa ta zo daf da shingen kwastan, ta yi tari ta mutu. Direbanta mutumin Maraɗi ne mai suna Isufu, amma kowa Shofer yake ce masa, wato direba a bakin mutanen Nijar. Ya aika Kano a nemo ƙarfen da ya karye, ya shimfiɗa tabarma a inuwar motar, ya zaro jita daga bayan kujera. Ni kuwa na taho da damin ciyawar awakin Inna a kai. Yana taɓa tsirkiya na daskare a wurin. Awakin nan ba su ga ciyawa ba sai bayan la'asar, kuma ina kyautata zaton jikokinsu har yau suna riƙe da ni a zuci.

Zaman jiran ya yi tsawo, warin albasa ya kai garin Bugaje ya dawo, Shofer ya rasa abin yi sai koya wa yaran unguwa kiɗa. Muna tashi daga makaranta muke jefar da jakunkuna, mu yi layi a bakin tabarmarsa, aka manta da langa da ƙwallon tsumma. Dokarsa ɗaya ce: babban yatsa ya ɓuya a bayan wuyan jita, sauran huɗun su lanƙwashe kamar ƙafafun gizo-gizo su danne tsirkiya. A nan tawa ta same ni. Shekara guda kafin nan lauje ya sare mini manunin hagu a kan gaɓa, ya warke a miƙe kamar ƙusa, kullum yana nuna bayin Allah da ba su yi mini komai ba. Shofer ya juya hannuna sama da ƙasa, ya ce, "Wanga hannu ba na jita ba ne, yaro. Tafi ka nemi ganga." Yayana Lawwali ya yi dariya har ya faɗa kan buhu. Aka cire ni daga layi, kuma na san ranar da motar nan ta tashi, jita ɗaya tak da na taɓa gani a duniya ta tafi ke nan.

Ban nemi ganga ba. Na samo guntun katako, da gwangwanin madara, da wayoyin burkin keken Baba, wanda bai gano na cire su ba sai a gangaren kasuwa, amma wannan labari ne na daban. A gona, in an zauna shan fura a gindin tsamiya, sai in ɗora katakon a cinya, don ya yi mini nauyin rungumewa. Hannuna ya zo ta sama, ba ta ƙasa ba. Yatsan nan mai taurin kai ya kwanta a kan wayoyin duka lokaci guda, ina jan sa gaba da baya, babban yatsa da ɗan ƙaramin suna tsalle a gefensa. Abin yana kuka kamar goge. Lawwali ya ce tsuntsaye ma sun bar gerommu sun koma Nijar neman mafaka.

Ranar da ƙarfen ya iso, makanikai na ƙarƙashin mota, na ratsa layi na karɓe jitar daga hannun Lawwali, na kwantar da ita a cinya kamar jaririn da za a yi wa wanka. Shofer ya ce, "Mi kake yi haka? Jita ce, ba faifan tuwo ba." Na saki kiɗan da yake koya musu, wanda na haddace ina laɓe a bayan tayar motar. Masu fura suka tsaya, wani jaki ya fasa kukan da ya fara. Da na kai ƙarshe Shofer ya daɗe yana kallon yatsana, ya ce, "Kiɗan daidai ne, hannun ne kuskure." Na ce, "To Kawu, ka ba kunne aikinsa, ido ya huta." Bai yarda ba, kuma bai karɓe ta ba. Ya bar ni ina ja har injin ya tashi, sai da ya ɗora ƙafa a matakala ya miƙo hannu ya karɓi jitarsa. Ya ce, "In an tambaye ka, kada ka ce ni na koya maka."

Yanzu furfura ta cinye mini gemu, ina da jitata, kuma a cinya take kwana. 'Ya'yan Lawwali kan zo da waya su nuna mini hannuwan ƙwararrun duniya, su ce, "Baba, ba fa haka ake yi ba." Nakan ce su faɗa wa na cikin wayar ya zo Jibiya mu gwada. Motoci na nan suna mutuwa a bakin iyaka, amma direban yau gilashi yake ɗagewa ya dubi tasa wayar, ba mai shimfiɗa tabarma ga yaran da bai san iyayensu ba. Ko wanda zai kore ni daga layi ma, yanzu kewarsa nake yi.