Yadda Tsintsiyata Ta Yi Shiru

Duk wani mulki da aka taɓa yi a bayan ƙasa daga tsintsiya ya fara. Na koyar da tarihi a lakwal, makarantar boko, shekara da shekaru, na sa yara sun haddace sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma akwai darasin da ban taɓa rubutawa a allo ba: wuri na mai share shi ne. Ranar da wani ya karɓi tsintsiya daga hannunka, ko da cikin ladabi ne, ko da yana cewa ka huta, to an yi juyin mulki, sanarwa ce kawai ta rage.

Na gane haka a shekarun da ƙasarmu ta shiga siyasar jam'iyyu, lokacin da rediyo ya cika da maganar 'yanci, albashi kuwa ya zama baƙon da ba a san ranar zuwansa ba. Ina zaune ni kaɗai a unguwar Zariya ta Maraɗi, cikin gidan da mai gidana ya mutu ya bar mini: ɗaki da falo masu daɓen siminti, tsakar gida ta yashi, da bishiyar bedi ɗaya wadda ba ta taɓa shiga yajin aiki ba wajen zubar da ganye. Allah bai bar mana ɗa ba. Ya bar mini littattafai, da mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin marigayi, da ciwo.

Ciwon sanyin ƙashi ne. Likita ya ba shi wani dogon suna na Faransanci, ya kuma gaya mini da fara'a cewa ba ya kisa. Yatsuna suka fara karkata gefe ɗaya kamar geron da iska ta kwantar, gwiwoyi suka kumbura, ƙugu ya daina yarda da sunkuyo. Ya fi tsanani da safe, daidai lokacin da mace ke shara. Tsintsiyarmu kuwa gajera ce, wanda ya fara ɗaure ta bai yi tunanin mai ita za ta tsufa ba. Sai na koma shara a zaune. In hau kujera 'yar tsugunno, in share iyakar inda hannu ya kai, in ja kujerar gaba, in sake. Aikin da a da nake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa ya koma yana kai ni hantsi.

Abin da ya hana ni neman mai taya ni, Yayana ne. Shi ne babba a gidanmu na Tibiri, manomi, mutum mai kirki, irin kirkin da ba ya jin roƙo. A gidan akwai wani ɗaki kusa da zaure inda ake kwantar da majinyata. Can aka kai gwaggonmu, can aka kai innarmu, kuma ban taɓa ganin wadda ta fito daga cikinsa da ƙafarta ba. Tun da na gama takaba Yaya ke cewa in dawo gida. Na ce ina aiki, ya ce wane aiki, kullum kuna yaji. Na ce ina iya kula da kaina. Bai yi musu ba. Sai da ya sa takalmi zai tafi ya juyo.

"Zauna. Amma ran da na ji kin kasa shara, da mota za ni zo, kuma ba shawara za ta kawo ni ba."

Tsakanin Tibiri da Maraɗi ba nisa, labari ma a ƙafa yake tafiya ya riga kabu-kabu isa. In na ɗauki mai aiki da safe, kafin la'asar Yaya ya ji.

Ana haka sojoji suka karɓi mulki, Turawan da ke ayyukan agaji suka fara tattara nasu ya nasu. Wani attajiri a Sabon Gari, cikin masu tura manyan motoci ƙetaren iyaka, ya saye kayan gidajensu a dunƙule, ya bar wa matarsa tana sayarwa ɗaiɗai. Hajiyar ta san ni, na koyar da 'ya'yanta mata. Mun haɗu a wani gidan gaisuwa, take ce mini kujeru da firji duk sun tafi, sai wasu injina da ba wanda ya ko taya, wai na shara ne. Na san abin da take nufi. Akwai hotonsa a littafin karatun yara, wata Baturiya tana tura shi tana murmushi. Na sha sa 'yan aji su rubuta sunansa, na rage wa wanda ya kuskure maki, alhali daga ni har su ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido.

Na tarar da su uku a ɗakin ajiyar Hajiya, jere jikin bango. Na jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya a shekarun nan, amma ban taɓa nazarin ɗan takara yadda na yi nazarin injinan nan ba. Su dai an bar ni na ɗaga su na ji nauyinsu kafin in zaɓa.

Hajiya na farkon take yabo, dogo mai sheƙi, wanda ake turawa gaba ɗayansa. Na tura shi taku kaɗan, wuyan hannuna ya gaya mini ra'ayinsa. Na biyu mai tumbi ne kamar tukunyar biki a kan taya, ƙarfinsa zai iya zuƙe tabarma, amma cikinsa jakar takarda ce da ake jefarwa in ta cika, kuma masu sayar da jakar sun riga sun hau jirgi. Makunninsa ma ɗan mitsitsi ne, sai an matse shi da yatsa biyu, ni kuwa yatsuna sun daina haɗuwa a kan komai. Na ukun ƙarami ne, tsoho, duk jikinsa ƙwarzane. Jakarsa ta yadi ce, a kakkaɓe a mayar. Bututunsa ya kai ƙasa ina tsaye sak. Mariƙinsa mai kauri ne, ya zauna cikin karkataccen hannuna ba sai na damƙe ba, makunnin kuma a bayansa yake, da ƙafa ake takawa. Mai lafiya yakan tambayi abin da inji zai yi masa. Ni abin da zai nema a wurina na tambaya, wannan ne ya nemi mafi ƙanƙanta.

Hajiya ba ta ji daɗi ba. "Haba Madam, ke da iliminki, ki ɗauki mai kyan gani mana. Wanga ai kamar a bola aka tsinto shi."

"Hajiya, ba aurensa za ni yi ba, ja za ni yi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da yake albashi bai zo ba, muka yi musaya da mobilet ɗin marigayi, wanda dama ba abin da yake yi sai tara yanar gizo a zaure. Na kawo injin gida a lulluɓe da zane kamar kayan sata.

Ya yi aiki, wannan hakkinsa ne in faɗa. Ranar farko na share ɗakina a tsaye, bayana a miƙe, abin da na manta ana iya yi. Ya shiga ƙarƙashin gado, ya bi bayan littattafai, ya fito da ƙasar da ta girmi ciwona. Ƙararsa kamar injin niƙa mai fama da mura. Wutar lantarki kuwa, ita ma ta koyi halin albashi, takan zo lokacin da ta ga dama. Saboda haka na daina sharar safe, na koma sharar duk lokacin da ƙwan fitila ya kama, ko azahar ko bayan la'asar. Ɗakina bai taɓa tsabta irin ta lokacin ba, ko ina amarya.

Tsakar gida ce ta gagara. Na gwada shi sau ɗaya a kan yashi, ya haɗiya, ya ƙware, ya yi tari, na wuni ina kakkaɓe jaka. A daidai watannin nan kuma hannuna ya ƙarasa ƙin tsintsiya, in na riƙe ta sai ta zame. Sai na yi abin da mai karatu ke yi in ya rasa mafita, na kawo hujja. Na ce mutum a ɗaki yake kwana, a ɗaki yake salla, tsakar gida ta bishiya ce da iska. Ganyen da ya tare hanya in ture shi da ƙafa zuwa gindin katanga. Hujja ce mai kyau, da ɗalibi ne ya rubuta ta da na ba shi maki mai yawa.

Bayan katangar akwai maƙwabciyata, mutuniyar Jiratawa, danginta na kawo mata kayan lambu tana sayarwa a ƙofar gida. Ba wata shaƙuwa tsakaninmu, gaisuwa ce ta kan katanga. Amma macen da ke zaune ita kaɗai ba a ƙwanƙwasa mata ƙofa a tambaye ta ko ta mutu. Kunne ake kasawa bayan asuba. In an ji tsintsiya tana tafiya a kan yashi, an san ta kwana lafiya, kowa ya kama sabgarsa ba tare da an kunyata kowa ba. Ni kaina na yi wa wata tsohuwa wannan sauraro a gidan hayar da muka fara zama. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne yanzu ni ake saurare.

Safiya ta bi safiya maƙwabciyata ba ta ji komai ba, sai wani gurnani da rana tsaka da ba ta san na mene ne ba. Ta shigo da sallama, ta tsaya a kan ganye, ta tambayi jiki. Na ce da sauƙi, kamar yadda ake cewa. Ta ce in ba ta tsintsiya ta ɗan kaɗe mini wurin. Na ƙi, da irin ladabin da ke rufe baki. Ta fita, ta gaya wa wani ɗan'uwanta mai cin kasuwar Tibiri. Ba tsegumi ta yi ba, tsoro ta ji kada wata rana wari ne zai ba su labarina.

Yaya ya zo da hantsi, na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na kawo masa tabarma, sai da ya ture ganye da ƙafa kafin ya sami inda zai shimfiɗa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya, na tambayi damina da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har na tambayi waɗanda ban damu da su ba don dai a jima. Da gaisuwa ta ƙare na fara darasi. Na bayyana masa injin, da bututunsa, da yadda na zaɓe shi cikin uku, da yadda ɗakina ya koma. Na ce ya taso ya gani da idonsa.

"Subhanallahi. Ni in shiga ɗakinki? Tun da aka kawo ki gidan miji kin taɓa ganin na wuce nan?"

Ban taɓa gani ba. Iyakar wa a gidan ƙanwarsa tsakar gida ce. Duk tsabtar da na tara tana bayan labulen da kunya ba za ta bar shi ya ɗaga ba.

Aka yi sa'a akwai wuta. Na jawo injin zuwa bakin ƙofa, na taka makunni, na share masa dokin ƙofar da dama yake a share. Ya zauna yana kallo da haƙuri, yadda ake jiran ɗan siyasa ya gama jawabi. Da na kashe, ya tambaya ko yana cin ganye. Na ce ba ya ci. Ya gyaɗa kai, ya tashi, ya ɗauko tsintsiyar da ke jingine a gindin bedi, ya kaɗe mata yana, ya miƙo mini.

"Riƙe."

Na sa hannu. Na umarci yatsuna kamar yadda nake umartar aji, ba wanda ya motsa. Tsintsiyar ta faɗi tsakaninmu. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya mayar inda take, ya fita kiran direba.

Maƙwabciyata ce ta shigo haɗa mini kaya, tana share hawaye da bakin gyale tana cewa in yafe mata. Da ta ɗaga labule ta shiga ɗakin sai ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta leƙa ƙarƙashin gado.

"Ikon Allah. Madam, ashe nan ciki kamar ɗakin likita."

Na ce mata ta fara da littattafan, su suka fi nauyi.

Likitan nan ya yi gaskiya, ciwon ba ya kisa. Ni ce mace ta farko da ta daɗe a ɗakin kusa da zaure, har yaran gida sun daina rage murya in za su wuce. Injin yana ƙarƙashin gado cikin zanen da na lulluɓo shi. Kullum bayan asuba matar Yaya takan shigo da tsintsiya ta share ɗakin. In ta iso inda nake, sai in ɗaga ƙafa.