Mamaciyar da Muka Ƙi Cirewa Daga Guruf

Ni dai a Samaru da baki aka san ni. Shagon hoto-kwafi gare ni nan kusa da ƙofar jami'a, ina buga wa ɗalibai takardu, ina ɗinke musu furojet, ina kuma ba su shawarar da ba su tambaye ni ba. Duk wanda ya shigo yana kukan an yi masa kutse a waya, sai na gama yi masa dariya sannan in ba shi kujera. Nakan ce ni in ɗan damfara ya kira ni, kafin mu rabu shi zai turo min kati ya haɗa da ban haƙuri. Akwai wanda na riƙe a waya ina cikin keke tun daga Samaru har Kwangila, ina ce masa ya jira in nemo biro, har katinsa ya ƙare. Labarin nan na ba da shi ya fi sau dubu, kuma duk bayarwa sai tafiyar ta ƙara tsawo. Bara ma har Kaduna muka kai da shi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa sayen ƙaryata ba, taubashiyata, 'yar kawuna. Labule da zannuwan gado take sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, har muka yi aure muka haifi 'ya'ya ba a yanke hukunci ba. A wayata Baiwata na sa mata. Ni kuma abin da ta sa min a tata ba zai rubutu a nan ba.

Ba ta rubutu a manhajar hira, wannan mai koren tambari da kowa ke da ita. Ta ce yatsunta na auna yadi ne. Saƙon murya take turowa, kusan kullum da safe, da zarar ta buɗe shago.

"Kai bawana, ka tashi ko sai an yayyafa maka ruwa? An ce jiya ka je sayen kifi, busasshen kifi ya ga fuskarka ya roƙi a mai da shi kogi."

Ni kuma in mayar mata: "Baiwata, labulen da kika sayar wa matata, maƙwabta sun gode. Sun ce yanzu ba sa bukatar talabijin."

Ba zagin ne daɗin ba. Ita dariya take fara yi tun kafin ta faɗi abin dariyar, sai ka ji tana ƙoƙarin riƙe ta tana kasawa. Ga ƙarar kasuwa a bayanta, ga hon na 'yan keke. Tana tsakiyar wanke ni sai ka ji ta juya, "A'a Hajiya, wannan ɗan waje ne, taɓa ki ji," ta gama cinikinta tsaf ba ta tsayar da ɗauka ba, sannan ta dawo daidai inda ta tsaya, "To, ina ce maka, kai da kanka kamar tulun da aka manta a rana." Shekaru muna haka. Ban taɓa goge ko ɗaya ba. Na goge hotunan bikin ƙanena kaf don a samu wuri a wayar, amma ban taɓa nata ba, don ina cewa hujja nake tarawa ranar da za a yi mana shari'a.

Ciwon bai daɗe ba. Muna cewa zazzaɓi ne, aka kwantar da ita, aka kira ni ina tsakiyar ɗinke furojet ɗin wani, aka ce ta cika.

Ta bar 'ya'ya, amma autarta ce ta fi manne min. Lokacin tana firamare. A Hanwa suke da babanta, duk Asabar ɗin da ta samu sai a kawo ta gidana, ta gaida matata a gurguje, ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Kawu, kunna min Mama." Sai in lalubo waɗanda zaginsu bai yi nauyi ba in kunna. Ba ta kuka. Kunne take karawa a wayar tana motsa baki, don wasu ta haddace su. Na sha ce mata zan kwashe mata su duka a kwamfutar shago, in zuba mata a abin da za ta adana har ta girma ta kunna wa 'ya'yanta. Kwamfutar na gabana kullum, igiyar haɗawa na rataye a ƙusa. Na kwashe wa ɗaliban duniya takardunsu. Wannan kuwa kullum sai Asabar mai zuwa.

To, muna da guruf na gidan kakanmu, kowa na ciki, daga masu furfura har waɗanda jiya aka saya musu waya. Ni da Yaya, babban wanmu, mu ke da ikon sa mutum ko cire shi. Bayan rasuwarta ba wanda ya cire lambarta. Ba mantuwa ba ce. In ka cire mutum, manhajar sai ta rubuta a fili, wane ya cire wance, kowa ya gani. Wa zai yarda sunansa ya hau wannan layin? Yaya ya ce ni ne taubashinta, ni ya kamata. Na ce shi ne babba. Wata 'yar gidanmu da ke karatu a jami'a ta taɓa cewa barin lambar ba shi da kyau, Inna, wato mahaifiyata, ta turo murya ta ce, "Ku bar ta mana. Abincin wa take ci a ciki?" Shi ke nan aka rufe maganar. Har in an yi haihuwa ko rasuwa, wasu kan ambace ta kamar tana karantawa.

Wayarta kuwa mijinta ya kashe ya sa a durowa. Abin da ba mu sani ba, layin da aka daɗe ba a amfani da shi, sake sayar da shi ake yi. Wata rana hotonta ya ɓace daga kan lambar, muka ce matsalar sabis ce. Ashe wani ne ya sayi layin, ya buɗe manhajar, ya tsinci kansa a tsakar gidanmu. Bai yi sallama ba, bai yi tari ba. Ya zauna yana jin komai. Ya san wa ke ciwon ƙafa, ya san wa ya yi fushi a wurin suna, ya san auta ta shiga sakandare, ya san Kawu take ce min. Mu da kanmu muka yi masa darasi, kyauta, har da hotuna.

Ranar da abin ya faru lokacin miƙa furojet ne, da rana tsaka, janareta na ihu, ɗalibai sun cika shagon kowa na rantsuwa malaminsa zai bar ofis yanzu. Wayata ta yi ƙara. Na duba, na ga Baiwata.

Ni da nake da amsa kafin a gama tambaya, sai na tsaya riƙe da takardar wani kamar an dasa ni. Na san ta rasu, da hannuna na zuba ƙasa. Amma sunan nan ya daɗe bai hau saman wayata ba, kuma da ya hau, wani abu a ƙirjina ya riga hankalina buɗe ƙofa.

Rubutu ne. "Kawu ina wuni, ni ce auta. Baba ya ba ni wayar Mama. Ina so in dawo da hotunanta, sun ce za a turo wasu lambobi a wayarka. Don Allah ka turo min."

Lambobin suka shigo. A ƙasansu an rubuta kada a ba kowa. Wannan layin na sha karanta wa ɗalibai da ƙarfi ina tambayarsu ko makarantar dare suka yi. Na kwafe na tura. Har na ƙara da tsokana, na ce ta gaya wa wayar uwarta har yanzu ni ne ubangida. Aka amsa min, "To Kawu."

Na koma kan injin. Da na sake ɗaukar wayar, manhajar ta fitar da ni waje, tana tambayata ko ni wane ne.

Kiran Yaya ne ya fara shigowa. "Kai, lafiya kake bin mutane kana roƙo? Har surukaina ka tura wa wai kana asibiti."

"Yaya, ina shago. Ga janareta, ka ji."

"To wani na can yana kwance a madadinka."

Na kira mijinta, ya ce waya na durowa, ba wanda ya taɓa ta, auta ma tana makaranta. Ban tsaya tunani ba, na bar shagon da ɗaliban a ciki, na tari keke sai Sabon Gari, layin masu gyaran waya. Na zaɓi wanda ya fi kowa tarin matattun wayoyi a teburi, wai alamar ƙwarewa. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Oga, dem don enta. Sun shiga ciki. Sai fulashin."

Fulashin shi ne a wanke waya tas ta koma kamar sabuwa. Na tambaye shi kayana fa. Ya ce duk suna imel, za su dawo da kansu. Ni so nake a fitar min da ɓarawo daga aljihu kafin la'asar, na ce ya wanke. Ina tsaye ina kallo, har ina ba shi labarin mutumin Kwangila.

Sai daga baya 'yar gidanmu ta jami'a ta yi min bayani, a hankali, kamar mai gaya wa mara lafiya sakamakon gwaji. Ba wanda ya shiga wayata. Lambata kawai ya ɗauka ya buɗe a tasa. Da na nemi sababbin lambobi na yi haƙurin jira, da na kore shi, kuma haka aka yi daga baya. Muryoyin suna nan cikin wayata lafiya lau lokacin da nake cikin keke. Ɓarawon ko ɗaya bai taɓa ji ba. Ni na kai su da ƙafata aka share.

Saura imel. Imel ɗin nan wani mai kafe ne ya buɗe min a Samaru tun zamanin da ake layi a hau kwamfuta. Shi ya zaɓi kalmar sirri, ya faɗa min, na ce na riƙe. Kafen yanzu shagon aski ne, mai shi an ce ya koma garinsu. Na gwada lambar wayata, na gwada sunan matata, na gwada sunan wadda na so kafin matata, na gwada shekarar haihuwata ta gaskiya da ta takarda. Aka ce za a tura taimako zuwa wani tsohon layina da ya faɗi a kududdufi a Dogarawa tun ina da gashi. Nan ma ƙofa ta rufe.

Muka ɗauko wayarta daga durowa, tunda abin da ta turo min yana cikinta. Ta kawo wuta, sai ta nemi zanen da ake ja da yatsa. Ba wanda ya san shi, ko mijinta. Ta sha cewa saboda ni ta sa shi. Mai gyara ya ce zai iya buɗewa, amma sai fulashin. Na ce ya ɗauke hannunsa. Tana nan a durowa har yau, muryar na ciki.

Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya canza waya, wancan yana gogewa duk wata. A guruf kuwa, gaban manya, ba ta sakin baki. Abin da aka samu a wayar wata gwaggonmu guda ne tak, tana cewa, "Amin, Allah ya raya." Muryar kunya ce, ta gaban surukai. Ko ni da ƙyar na gane ta.

Da na dawo da lambata, Yaya ya kira ya ce, "Ka san abin da ya rage." Na sani. Na shiga guruf, na nemo Baiwata, na danna. Layin ya fito kowa ya gani, ni na cire ta. Can sai Inna ta turo murya, ba ta yi faɗa ba, addu'a kawai ta yi mata.

Asabar aka kawo auta. An riga an gaya mata a gida, amma ta zo ta zauna a wurinta na kullum. Na kunna mata na gwaggo. Ta saurara, ta ce in sake, na sake, ta miƙo min wayar.

Ni gwanin kwaikwayo ne, duk Samaru ba malamin da ban iya muryarsa ba. Na gyara zama, na matse maƙogwaro, na ce, "Kai bawana, ka tashi ko sai an yayyafa maka ruwa?"

Ta kalle ni. "Ba haka ba ne, Kawu. Ita dariya take fara yi."

Na gwada dariyar, ta fito kamar ƙofar shagona in an yi ruwa. Auta ta ce in bari ita ta yi. Ta rufe ido, ta yi 'yar dariya, ta faɗi maganar kifin daga farko har ƙarshe, har da "Hajiya, taɓa ki ji." Ta buɗe ido ta ce, "Haka ne ko?"

Na ce haka ne, ko ita ba za ta fi haka ba. Ta ji daɗi, ta tashi ta tafi wurin matata a kicin. Ni kuma na zauna ina lalube a kaina, ina neman ta ainihin in gwada da wadda na ji yanzu. Kalmomin duk suna nan. Dariyar ce na rasa ko sama take tafiya a ƙarshe ko ƙasa.